Yadda za ka kula da mitarka kafin ta fara yi maka ƙarya

Mitar awon wuta ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Takan yi wata da watanni tana kamawa, lambobi na fitowa raɗau a gilashinta, alhali abin da take faɗa ya daɗe da barin gaskiya. Wadda ta mutu murus ta fi sauƙi, domin ka san ba ka da mita, za ka nemi wata. Mai ƙaryar ce ke sa ka raba mutum da kuɗinsa da bakinka.

Wata ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, wani Alhaji mai shagon caji a ƙauyenmu ya ga batura biyu na hannu masu amfiya 200. Ya ce, "Injiniya, zo ka auna mini kafin in zuba kuɗina." Na zaro ƙaramar mitar aljihuna na ɗora tsinke, wato ƙarafan nan biyu masu tsini da ke bakin wayoyin mita. Ɗaya ya nuna bolt 12.9, ɗayan 12.8. Na ce, "Alhaji, biya, kaya sun yi." Muka ɗora a mota muka dawo. Da yamma, kafin in haɗa masa, na sake aunawa da babbar mitar shago: 11.8 da 11.7. Mai kayan ya riga ya kama gabansa, kasuwa ta watse. Da na buɗe bayan ƙaramar mitar, batirin cikinta mai bolt 9 ne ya kusa ƙarewa. Abin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa da wake ba ya sa na yi wata guda ina sauya hanya idan na hango Alhaji.

Abin da zan jero a nan shi ne abin da nake yi tun daga ranar, a shagon da ba shi da silin, mai kwanon da ke gasa mutum a watan Afrilu, kusa da hanyar burji da ke tashin ƙura duk sanda mota ta wuce.

Fara da batirin cikinta

Mita mai lamba tana awo ne ta hanyar kwatanta wutar da ka ɗora mata da wani ma'auni da ke cikinta, wanda batirinta ke ciyarwa. Idan batirin ya yi ƙasa sosai, wannan ma'aunin yakan ragu, sai duk abin da ta auna ya fito sama da yadda yake. Kamar mai awon hatsi ne da tiyarsa ta lotse: buhu ɗaya ne, amma ƙidayar tiya ta ƙaru. Shi ya sa mataccen batir ya fito mini kamar sabo. Ƙananan mitocin nan masu rawaya ko baƙi irin DT830, da suka cika kowane teburin mai gyaran rediyo, sun fi kowace yin wannan hali.

Saboda haka kafin ka ɗora tsinke a kan komai, dubi kusurwar gilashin. Akwai 'yar alamar batir da ke fitowa, ƙarama ce, cikin hasken rana ba a lura da ita sai an kare da tafin hannu. Da ta fito, aiki ya tsaya har a sauya. Kada ka ce bari in ƙarasa wannan ɗaya.

Mita ba ta auna batirin da ke cikinta, sai ka cire shi ka auna da wata. Sabo yakan nuna sama da 9 kaɗan. Ni da ya sauko ƙasa da 8 nake cire shi in ba yara su saka a abin wasa. Sayi biyu duk sanda ka shiga Gumel ko Kano, ka rubuta ranar da ka saka a jikinsa da biro. Batirin da ya shekara a tiren mai talla rana na dukansa ya riga ya tsufa tun kafin ka saya, don haka auna shi a gaban mai sayarwa.

Idan za ka ajiye mita fiye da wata guda, misali za ka koma gona da damina, cire batirin. Zafi na sa shi yoyo, ruwansa ya cinye 'yan ƙarafan da yake kamawa. In ya riga ya zubo, dubi irinsa. Wanda aka rubuta wa alkalin yakan bar farin gari, a goge shi da auduga da ɗigon ruwan lemon tsami. Mai arahar nan na gargajiya ruwansa mai tsami ne, shi kuma ɗan ruwan kanwa ke kashe shi. Ko wanne ne, a bi da sifirit, a bar wurin ya bushe sarai kafin a saka sabo.

Tsinke da wayarsa

Rabin mitocin da ake kawo mini wai sun lalace, lafiyarsu ƙalau, waya ce ta tsinke daga ciki. Takan karye a wuri biyu: gindin tsinken, da inda take shiga ramin mita. Daga waje roba ce sumul, a ciki kuwa zare biyu ko uku suka rage.

Gwajin bai kai minti ɗaya ba, kuma kullum da safe ya kamata a yi shi. Murɗa maballi zuwa mafi ƙanƙantar om, wato ma'aunin yadda abu ke turje wa wuta, ka haɗa bakin tsinken ja da na baƙi. Waya mai lafiya takan nuna tsakanin 0.1 da 0.5. Riƙe su a haɗe, ka sa yaron shago ya bi wayar yana lanƙwasawa a hankali daga wannan kai zuwa wancan. Idan lamba ta yi tsalle, ko ƙarar da wasu mitoci ke yi idan tsinke sun haɗu ta ɗauke ta dawo, to nan karayar take. Idan kuma lambar ta tsaya a om 2 ko 3, datti ne a bakin tsinke ko a cikin ramin. Goge da sifirit ka sake gwadawa.

Sannan bi robar da yatsa kana lalube. Duk inda ƙarfen dalma ya taɓa ya narkar, ko ɓera ya ɗanɗana, ko ta bushe ta tsattsage, wannan waya ta gama aikin wuta mai ƙarfi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Naɗa mata salatif ba gyara ba ne ga mutumin da zai auna bolt 230 yana tsaye a ƙasa mai laima da silifas. Ajiye ta don gwajin fitilun sola da rediyo, ka sayi sabuwa don babban aiki.

Al'adar nan ta naɗe waya tamau a jikin mita, ita ce ke karya gindinta. Zare ta ta hanyar kama kan robar, kar ka finciko wayar, ka naɗe ta sakwa-sakwa a yatsu huɗu, ko ka rataye a ƙusa. Bakin tsinke kuma ba na kankare tsatsa ba ne, ba na buɗe murfin waya ba ne. Idan ka auna batirin ruwa, goge tsinken da maƙalin nan mai haƙora da ake kira bakin kada nan take, domin ɗigon asid ɗaya ya isa ya mayar da su kore kafin gari ya waye.

Ramin amfiya, inda mitoci ke mutuwa

A nan zan daɗe, domin nan ne ake asarar mita, wani lokaci har da yatsa.

Idan jan tsinke yana ramin bolt, mita tana tare wuta ne, ba ta bari ta ratsa ta sai ɗan abin da ba a ƙirgawa. Mafi yawan mitoci masu kyau suna da turjiyar om miliyan 10 a wannan rami. Amma da zarar ka mayar da jan tsinke ramin da aka rubuta wa 10A, mitar ta zama guntuwar waya kawai, buɗaɗɗiyar hanya daga ja zuwa baƙi. Duk wanda ya manta tsinke a nan ya ɗora a kan kawunan batir biyu, daidai yake da ya gitta sifana a kansu.

Na taɓa aiken yarona ya auno batirin famfon sola a wata gonar rani. Ni na bar tsinken a 10A tun jiya, shi kuma bai duba ba. Ina daga nesa na ji fat. Na iske shi yana yarfa hannu, bakin jan tsinken ya narke ya zama ɗan dunƙule kamar kan ashana, robar wayar ta yi laushi tana hayaƙi, kan batirin kuma ya sami ɗan rami baƙi. Ya ce, "Oga, wallahi taɓawa kawai na yi." Gaskiya ya faɗa. Batir mai amfiya 200 yana iya turo ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido, kuma ramin 10A na ƙananan mitoci da yawa ba shi da fiyus ko kaɗan. Suna rubutawa ma a gefen ramin, mu ne ba ma karantawa.

Dokar shagona tun daga nan: duk wanda ya gama auna amfiya, kafin ya ajiye mita, ya mayar da jan tsinke ramin bolt, ya murɗa maballi zuwa OFF. Mai ɗauka kuma ya dubi rami kafin ya dubi gilashi.

Mitoci da yawa suna rubuta cewa kada awon amfiya 10 ya wuce daƙiƙa 10, sannan a huta minti 15. Ƙarfen da ke ciki ne ke zafi, in ya gasu sau da yawa awonsa ya sauya har abada. Ka kuma lura da manyan fanel ɗin sola na yanzu. Mai wat 550 yakan ba da kusan amfiya 14 idan aka haɗe bakinsa da tsakar rana, ya wuce ƙarfin ramin. Irin wannan aikin na mita mai kama waya ce, mai bakin da ake buɗewa a zagaye waya da shi, wadda ke auna DC, wato irin wutar batir da sola. Fanel ɗin famfo da aka jera a layi ɗaya kuwa, goma kawai sun kai kusan bolt 500. Wutar DC idan ta yi tartsatsi ba ta mutuwa da kanta kamar ta layi, wadda ke sauka sifili sau 100 a kowace daƙiƙa. Kada ka zare tsinke ko ka raba waya wuta na gudana, kashe makunni tukuna ko ka rufe fanel da bargo.

Gwajin fiyus ba sai an buɗe mita ba, a yawancinsu. Sa ta a om, jan waya na raminta na kullum, ka zura bakin tsinken cikin ramin 10A. Lamba kusa da sifili na nufin hanyar lafiya lau. Yi haka a ramin mA, na ƙaramar wuta, idan daban yake. In ta nuna OL, ko 1 shi kaɗai a gefen hagu, fiyus ya tafi.

Sauya shi da irinsa sak: amfiya ɗaya, bolt ɗaya, tsayi ɗaya. Fiyus na tangaran mai yashi a ciki an yi shi ne don ya shanye tartsatsi, na gilashi kuwa fashewa yake idan wutar ta yi yawa. Naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari a madadinsa ya zama ruwan dare a wajenmu, kuma na fahimci dalili: fiyus ɗin babbar mita sai Sabon Gari a Kano, wani lokaci kuɗinsa ya kai na ƙaramar mita sukutum. Duk da haka gara ka liƙe ramin da salatif ka daina auna amfiya da ita har ka samu. Mitar da aka yi wa gada, ranar kuskure na gaba ita ce za ta zama fiyus, tana hannunka.

Abu na biyu mai kashe mita shi ne auna om ko ƙara a kan abin da ke da wuta. Babban kafasita, ɗan gwangwanin nan mai tara wuta da ke cikin caja, talabijin da inbata, yana riƙe kusan bolt 325 bayan an zare soket, wani har na tsawon mintuna. Auna shi a DC tukuna. In da saura, sauke shi da ƙwan fitila irin na dā mai zare, ka ga ya yi ja ya mutu, ka sake aunawa, sannan ka koma om.

Dubi kuma rubutun CAT a fuskar mitar. CAT II na kayan da ake sakawa a soket ne, CAT III na allon rarraba wuta a gini, CAT IV na inda waya ke saukowa daga turke. Ƙaramar mitar da ba a rubuta mata komai ba, kar ta kusanci turken wuta.

Hunturu, bazara, damina

Kowane lokaci da irin ɓarnarsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, mai laushi kamar garin fulawa, tana bi ta gefen maballi da ramukan tsinke. Ita kaɗai a bushe ba ta cika yin illa ba, sai dai ta ci ƙarafan maballi a hankali. Amma idan ta kwana a ciki har laimar Agusta ta same ta, sai ta zama taɓo siriri da wuta ke bi. A nan ne za ka ga mita na nuna lamba a babban om alhali ba a ɗora mata komai ba.

Maganin mai sauƙi ne: bokitin fenti mai murfin da ke kamawa gam, a wanke shi, a shimfiɗa guntun soson katifa a ƙasa. A zuba 'yan ƙunshin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi da na magani da na sabuwar inbata. Idan sun sha laima, a baza su a murfin tukunya a kan garwashin da ya kusa mutuwa, su yi ɗumi ba tare da takardar ta ƙone ba. Shinkafa da wasu ke zubawa ba ta tsotse laimar kirki, ga ƙura, ga gayyatar ɓera.

Hunturu na da wata illar da ba a gani. Iska ta bushe, jiki na tara wuta, irin wadda kake jin tas-tas idan ka tuɓe rigar sanyi da dare. Wannan ta isa ta kashe ƙananan sassan da ke fanel ɗin wayar salula, wato allon cikinta, ko cikin mita idan ta buɗe. Kafa rodi a bayan shago inda ake zubar da ruwan alwala, ka jawo waya zuwa teburi, ka riƙa taɓawa kafin ka taɓa fanel. Mai abin ɗaurawa a wuyan hannu ya auna shi lokaci-lokaci: daga ƙarfen da ke taɓa fata zuwa bakin kada ya kamata ya nuna kusan om miliyan 1. Tabarmar roba a kan teburin aiki kuwa, ɗauke ta.

A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, kuma nan ne iyakar da masu ƙera mitoci da yawa suka rubuta don aiki. Mitar da aka bari a kan kwano lokacin ɗaura fanel, ko a gaban mota, gilashinta kan yi baƙi ƙirin. Yakan dawo idan ta huce, amma awon da ta yi tana zafi kada ka rubuta shi. Sa ta a inuwa minti 20 tukuna.

Sai ƙwari. Zanzaro ya taɓa cike mini ramin COM, inda baƙin tsinke ke shiga, da laka cikin kwana biyu, na yi ta tura tsinke yana ƙin shiga. Kyankyaso na son ɗumin cikin fawa-saflai, na'urar da ke ba da wutar gwaji a teburi, kashinsa kuma yana cin layukan fanel. Toshe ramuka da guntun soso idan za a daɗe ba a yi aiki ba. Kuma kada ka ajiye kayan awo a ɗakin da ake cajin batiran ruwa, tururin asid na cin su ko da suna cikin jaka.

Buɗewa da wankewa

Sau biyu a shekara ya isa: ƙarshen hunturu kafin ruwan farko, da bayan kaka. Zare tsinke, cire batir, shimfiɗa farin ƙyalle a cikin faranti, ka yi aikin a kansa. Dalilin farantin shi ne, a ƙarƙashin maballin akwai 'yan ƙwallayen ƙarfe biyu kamar ƙwayar gero da sifirin ɗinsu, da wasu 'yan ƙarafa masu siffar V. In ɗaya ya faɗa cikin yashin shago, sai dai haƙuri. Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai, kuma ka lura da inda maballin ke kallo.

Kaɗe ƙura da busasshen buroshin fenti mai laushi, ko ka hura da robar hura iska. Kar ka hura da baki, yawu na bi. Zagayen layukan zinaren da maballi ke gogawa, goge su da auduga da sifirit mai tsabta, wanda ake rubuta wa IPA a kwalba, ana samunsa wurin masu kayan gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Fetur da tina suna cin roba, suna dusashe gilashi, suna goge rubutun fuska. Sanfefa kuma na kankare rufin zinaren, daga nan tsatsa ta samu gida.

Idan wasu lambobi sun guntule, 8 na fitowa kamar 6 ko 0, yawanci gilashin lafiya yake. Wata 'yar roba ce doguwa mai ratsi-ratsi tsakaninsa da fanel ta yi datti. Goge bakinta biyu da inda take zama, kar yatsa ya taɓa, ka mayar ka ɗaure sukurori daidai wa daida. Akwai ɗan abin murɗawa a fanel ɗin wasu mitoci wanda ke saita awo. Hannu na ƙaiƙayi a kansa, na sani. Bar shi, sai kana da abin da ka tabbatar ya fi mitar gaskiya.

Yadda za ka gane tana faɗin gaskiya

Manyan kamfanoni kan aika kayan awonsu a tantance duk shekara, kuma hukumar SON mai kula da ingancin kaya na da cibiyar awo ta ƙasa a Inugu. Mai gyara a ƙauyen Jigawa ba zai aika mitarsa can ba. Abin da zai iya shi ne ya tara wa kansa shaidu a gwangwani.

Nawa gwangwanin na ɗauke da rasista biyar, wato 'yan sassan nan masu turje wa wuta, masu kuskuren kashi 1 cikin 100: om 100, 1,000, 10,000, 100,000 da miliyan 1. Ban taɓa saka su a wani aiki ba. Akwai kuma ɗan fanel mai ɗan sashen da ake kira AD584, wanda ke fitar da bolt 2.5, 5, 7.5 da 10 ba ya motsi, ana samunsa ta intanet, kuma mutum uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. Wanda bai da shi, sabon batirin agogo irin SR44 yakan tsaya kusa da 1.55, ya isa ya tona babbar ƙarya.

Ranar da ka sayi mita, auna waɗannan duka ka rubuta a littafi da kwanan wata. Duk farkon wata ka maimaita. Abin da kake nema shi ne sauyi. Kada ka riƙe ƙafafun babban rasista da yatsu biyu kana aunawa, jikinka zai shiga lissafin lambar ta sauko.

Nawa ne kuskuren da za a yafe? Takardar mita takan ce, misali, kashi 0.5 cikin 100 da lamba 2. A kan bolt 12.60 wannan ya kama kusan 0.08, wato daga 12.52 zuwa 12.68 duk tana kan alƙawarinta. Yanzu ka tuna batirin ruwa da ya cika ya huta yana wajen 12.6 zuwa 12.8, wanda ya kai rabi kuma wajen 12.2. Tsakaninsu 0.4 ne kawai. Mitar da ta kauce da kashi 3 cikin 100 ta riga ta haɗiye kusan duk wannan tazarar. Batirin waya ma haka: 4.2 cikakke ne, ƙari kaɗan a kai kumburi ne. Ko da mita mai gaskiya, bolt kaɗai ba ya nuna lafiyar batir, sai an ɗora masa kaya an ga yadda yake sauka. Wannan ma kuskurena ne a Maigatari.

Mita biyu idan suka saɓa ba ka san mai gaskiya ba, sai ta uku ta raba gardama. Ranar kasuwa ku haɗu da abokan sana'a, ku ɗora mitocinku a kan batir ɗaya. Amma kar ku yi wannan gwaji a kan ƙaramar inbata mai araha, wadda wutarta ke fita da kusurwa-kusurwa: a kanta mitar da ba a rubuta wa True RMS ba takan ba da lamba daban, ba don ta lalace ba.

Kafin ka ce waya ba wuta ka sa hannu, gwada mitar a inda ka san akwai wuta, ka auna wayar, ka sake komawa inda akwai wutar. Karyayyen tsinke sifili yake nunawa a kan komai.

Sauran kayan teburi

Mita mai kama waya, rayuwarta na bakinta. Inda haƙoran biyu ke haɗuwa, ƙwayar yashi ɗaya ko tsatsa ta isa ta rage awo. Goge da busasshen ƙyalle, kar ka bari bakin ya riƙa rufewa da ƙarfi, kar ta faɗi. Mai auna DC a danna mata sifili kafin kowane awo, bakin a rufe, ba waya a ciki. Gwajinta: ƙwan wat 100 mai zare a bolt 230 yana jan kusan amfiya 0.43. Zagaya waya ɗaya sau 10 ta cikin bakin, ya kamata ka ga wajen 4.3.

Fawa-saflai na gyaran waya, kada ka yarda da lambar fuskarsa. Duk mako ɗora mita a bakin wayarsa ka ga ko 4.0 ɗinsa 4.0 ne. Kunna shi ka saita kafin ka haɗa da wayar salula, ka cire ta kafin ka kashe. Fankarsa a kaɗe ta duk wata a hunturu.

Mai osiloskof, na'urar da ke zana siffar wuta a gilashi, ya bar shi ya yi ɗumi kamar minti 20, ya ɗora tsinken a ɗan ƙarfen gwaji da ke gabansa, ya murɗa ɗan sukurun tsinken har kan layin ya miƙe sumul. Bakin kadansa a haɗe yake da ƙasa, ba a maƙala shi a wayar wuta. Mita mai allura a kwantar da ita, a saita allurar kan sifili da sukurun gaba, a kai maballi OFF kafin a hau babur. Abin auna ruwan batir a ɗauraye shi da ruwan batir mara asid, a ajiye shi nesa da sauran.

Duk waɗanda ake sakawa a soket, ƙaramin janareta ne babban abokin gabarsu. Tayar da shi, bar shi ya daidaita, auna bolt, in mitarka na da Hz, awon saurin juyawar wuta, ka ga ya kusa 50, sannan ka saka kaya. Zare su kafin ka kashe, kuma kafin mai ya ƙare, domin lokacin da yake shaƙewa yana sama yana ƙasa ne yake ɓarna. Da hadari ya haɗo a farkon damina, zare komai daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba.

Hanya, aro da ritaya

Gargadar hanyar burji na kwance sukurori tana tsinka dalma. Mita ta hau babur a jakar da ke rataye a kafaɗarka, a naɗe da tsumma, ba a akwatin baya tare da guduma da filaya ba. Rigar robar da ta zo da ita kar a cire don kwalliya.

Aro ba ya hanuwa a ƙauye, wanda zai zo ɗan'uwa ne ko maƙwabci. Na ware ƙarama guda don haka. Idan ta dawo, a gaban mai aron nake haɗa tsinke in gwada fiyus, muna hira, ba tare da fuska ta sauya ba. Babbar kuwa, in ana so, sai dai in bi ta da ƙafata.

Mitar da ta taɓa yin fat, ko ka ga baƙin ƙuna a fanel kusa da ramuka, ko jikinta ya tsage, ko ta kauce a littafi wata biyu a jere bayan sabon batir da wanki, ta gama da wuta mai ƙarfi. Wurin da ya ƙone ya zama gawayi, gawayi kuma wuta na binsa. Irin wannan nakan cire mata fiyus da kan batir in adana, in toshe ramin 10A da gam, in rubuta "ƙara kawai" da jan fenti a bayanta, in rataye ta kusa da teburin yara masu koyo don gwada wayar caja da filogi.